Ranar da Na Ɗaure Yaya Ilu

Da sunan Allah. Ina roƙonsa ya sa abin da zan faɗa ya zama gyara, kada ya zama tonon silili.

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan yayana marigayi Ilu, wannan babin naku ne gaba ɗaya, don haka ku gyara zama. Na san labarin da aka yaye ku da shi. An ce muku Baffa Habu ne ya karya wa yayansa asiri, ya jefo shi daga kan rufi a gaban mutanen kasuwar Maigatari don ya gaje masa sana'a. Na ji wannan magana a gidan suna, na ji ta a zaman makoki, har na taɓa jin ta a bakin wani direba a tashar Gagarawa wanda bai san ni ne Habun ba, yana ba ni labarina yana ƙara masa gishiri. Ban taɓa tankawa ba. Ba don ba ni da baki ba ne, kun dai san ni, ko mai unguwa ya taka ni sai ya ji. Alkawari ne ya riƙe min harshe, kuma wadda na yi wa shi, Yaya Dije matar marigayin, ta kwance ni bana da azumi. Kirana ta yi har ɗakinta ta ce:

"Auta, faɗa musu. Ni yanzu ba abin da ya rage in ji tsoro sai kabari."

Gidanmu na Gumel gidan kafintocin rufi ne. Tun lokacin da mutane suka fara sauke azara suna ɗora kwano, Babanmu ake nema daga nan har Sule Tankarkar. Yana da wani guru na jar fata da ya samu a hannun wani tsohon magini, sai ya ɗaura shi a ƙugu ƙarƙashin riga kafin ya taka tsani. Abin da garin ya sani shi ne mai wannan guru ba ya faɗowa. Sharaɗinsa ɗaya ne tak, kada wani ɗauri ya hau samansa a jikin mai shi. Ko tazugen wando a ƙasansa yake zama. Ranar da igiya ko ɗamara ta hau sama da shi, ranar ya karye, mai shi kuma ya shiga uku. Baba ya yi ta hawa har gemunsa ya yi fari fat bai taɓa ko gurɗewa ba, to wa ya isa ya ce maka ƙarya ne? Da zai cika sai ya miƙa gurun ga Yaya Ilu, ni auta kuwa na tashi da guduma da zarto.

Ku da kuka san Yaya a zaune yana fere ƙafar benci, ba ku san shi ba. Kadangare ake ce masa. Zai bi katakon da bai fi faɗin tafin hannu ba, ba takalmi, ƙusoshi cike da baki, kuma a haka yana tsokanar masu tallan da ke wucewa a ƙasa. Shi ya riƙe ni bayan Baba. Shi ya koya min taka kwano a kan layin ƙusa kada ya lotsa da ni, shi ya je ya nemo min auren uwarku, ku nawa. Ina son sa son da ban yi wa wani namiji ba, ina kuma jin tsoronsa. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu, amma in ya kafe a kan abu, gara ka je ka roƙi turmi.

Wata shekara aiki ya yi mana ƙaranci, sai na bi wani kamfani da ke kafa manyan rumfunan ƙarfe a filin ciniki na bakin iyaka. Su ba sa barin kowa ya wuce tsayin mutum sai ya sa wani bel mai madauri a kafaɗu da cinyoyi, da igiya mai ƙugiya a baya, ka maƙala ta a jikin ƙarfe kafin ka saki hannu. Leburori suka raɗa masa suna majanyi, wai an goya ƙatti kamar jarirai. Ni ma da ni aka yi ta dariyar, har wata safiya da raɓa ta ja min ƙafa. Ban san lokacin da na bar ƙarfen ba, sai dai na gan ni ina lilo, ga rodi a tsaitsaye a ƙasa suna jirana. Abin da wandona ya gani ranar ba zan rubuta shi ba. Da aikin ya ƙare na shiga Kano na sayo majanyi biyu, ɗaya nawa, ɗaya na Yaya, na kai masa a zaure yana tare da abokan hirarsa. Ya ɗaga shi da yatsu biyu yana juyawa.

"Auta, linzami ka sayo min ko akumari?"

"Kariya ce, Yaya. Ko mutum ya zame, igiyar za ta riƙe shi."

"Ni zan zame? Jama'a ku ji min yaro. Ya je ya ci shinkafar kamfani ya dawo zai goya ni. Kai wa Dije, tana da jaririya."

Aka kwashe da dariya har da masu buga cinya. Na ɗauki abina na rataye a ƙusa, raina a ɓace. Nawa dai na ci gaba da sa shi, suka koma ce min Habu Mai Majanyi, na ce ku yi ta yi, ba a kan wuyanku zan sauka ba. Na haƙura da zancen Yaya, don a lokacin ni ma ina ganin ko ba guru, ƙafarsa ta fi igiyata aminci.

Da bazarar shekarar da nake ba ku labari, wata rana da la'asar Yaya ya fita masallaci, ina shirin bin sa, sai Yaya Dije ta tare ni a bakin rijiya. Tsakanina da ita kullum tsokana ce, ta ce min mijin ƙwarai mai cin tuwon yayansa, in ce mata tuwon ma ba gishiri. Ranar ba ta tsokane ni ba. Guga na hannunta amma ba ta jefa shi ba.

"Auta, zan gaya maka magana, amma sai ka rantse ba za ka taɓa cewa daga bakina ta fito ba. In yayanka ya ji, aurena ya ƙare, kuma ka san halinsa."

Na rantse mata.

"Jiri yake yi. Ya daɗe. Shekaranjiya ya ɗago daga alwala sai ga shi zaune daɓas a ƙasa, buta ta kife. Ya ce min santsi ne. Ina santsi a rairayin Gumel da bazara? Ya ce in na kuskura wani ya ji, ba mai sake ba shi rufi, kuma in nemi gidan ubana. Kai ne kake hawa da shi. Don Allah ka sa ido."

Daga ranar na fara lura, na kuma gani da idona. Yana cikin bugu sai ya tsaya, ya runtse ido, ya dafa katako, ya yi kamar yana laluben ƙusa a aljihu. Wanda ake wa kirari da Kadangare sai ga shi ya zame min kadangaren bakin tulu na gaske. In na yi magana na kashe wa Dije aure na kuma kashe masa suna, in na yi shiru ina kallo zai faɗo. Barci ya ƙaurace min, abinci ma sai dai in tura.

Na fara gwada shi ta lallami. Muna kan babur za mu Sule Tankarkar duba wani aiki, yana tuƙi ina baya, na ce masa ai girma ya zo, ya kamata ya riƙa tsayawa a ƙasa yana ba da umarni, mu yara mu hau. Sai ya taka birki a tsakiyar hanya ya waiwayo.

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, Yaya."

"To ka koma ka ce wa ba kowan ina gaishe shi."

Ya ja babur muka je muka dawo. Sai na tafi wurin Inna, mahaifiyarmu, don ita kaɗai ce take iya tanƙwara shi. Na same ta tana tsinkar zogale a faifai. Ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, wancan take ce masa. Zancen jiri ba zan iya faɗa ba, sai na ce mata rufin yanzu ya fi na zamanin Baba tsawo, ta taimaka ta umarce shi ya riƙa sa bel. Ta ajiye faifan.

"So kake ya ɗora igiya a kan abin ubanku? Kai Auta, ka ji tsoron Allah. Abin da ya tsare uba shi zai tsare ɗa. Kai da ba a ba ka ba, sa majanyinka, ban hana ka ba. Amma ka ji ni da kyau, kada ka kuskura ka kai hannu jikin wancan da igiya. Ban yarda ba."

Na fito daga ɗakinta da kaya biyu a ka maimakon ɗaya.

Ana haka sai wani Alhaji mai fataucin riɗi da zoɓo ya ba mu rufin sitonsa a Maigatari, dab da kasuwa. An ɗaga ginin sosai don babbar mota ta shiga da lodinta, ban taɓa hawa rufin katako mai tsawonsa ba. Alhajin yana so a gama kafin ruwan farko, don kayansa na waje a ƙarƙashin tamfol. Mu biyu ne a sama, sai Mamman, wani mutumin Dungas da ke miƙo mana kwano daga ƙasa, mai ƙarfi kamar raƙumi, wanda in ya ga babbar mota sai ya ce ga kamyo nan. Na shimfiɗa doguwar igiya a kan ƙashin bayan rufin, wato babban katakon tsakiya, na ɗaure bakinta biyu a rodin ginshiƙai, a nan nake maƙala ƙugiyata. Sai na naɗo wata igiyar na rataya a kafaɗa, na ce ta jawo kwano ce. Ba ta jawo kwano ba ce. Duk inda Yaya ya matsa ina bayansa, har ya fara ƙosawa.

"Auta, jela ka zame min ne? Ga rufi har rufi, sai inda nake?"

Na ce masa ƙusata ce ta ƙare. Ya watso min nasa ya yi tsaki.

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwa. Daga sama kana hango kara, wato kasuwar dabbobi, cike da shanu da raƙuma, motoci sun yi layi har hanyar iyaka, hayaniya kamar a kunnenka ake yi. Mun rufe ɓangare ɗaya, ɗayan kuwa katako ne tsirara, in ka leƙa sai ka ga ƙasan siton da fasassun bulo da gangunan ruwa. Bayan azahar zafi ya yi zafi, kwano na ƙona tafin ƙafa, iska ta ɗauke ɗif. Na ɗaga kai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Na ce Yaya mu sauka. Ya ce sai mun kifa hula, wato kwanon da ke rufe tsakiyar rufi, in ba haka ba iska za ta shiga ta ƙasa ta yaye duk abin da muka buga ta watsa wa mutane a kasuwa. A nan kam gaskiyarsa ce, kwano a cikin iska wuƙa ne. Muka hau can ƙololuwa muka zauna kamar a kan jaki, yana gaba ina baya, muna bugu da sauri.

Sai na ji gudumata kaɗai ke ƙara. Na ɗago. Tasa ta suɓuce, tana gangarawa a kan kwano, ƙararrr, har ta ɓace a baki. Yaya bai taɓa yar da guduma ba tun da nake. Ya dafa katako da hannu biyu, wuyansa sharkaf da gumi. Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce.

"Auta. Matso. Kada ka yi hayaniya."

Na ja jiki har ƙirjina ya kusa taɓa bayansa.

"Ƙasa ce take juya min. Yanzu za ta wuce, kullum wucewa take yi. Zauna nan ka yi kamar magana muke."

"Yaya, hadari ya iso."

"Na ce za ta wuce. Mutane na kallo."

Na zauna, don umarninsa ya riga ya zame min jiki. Ina jin numfashinsa, ina kallon ledoji da karan dawa sun fara tashi daga bakin kasuwa suna yo kanmu. Iskar farko ta buge mu, kwanon da ba mu gama bugawa ba ya ɗaga ya maka da ƙara. A nan na ga abin da ya tsinka min zuciya. Jikin Yaya yana karkata hagu, wajen da ba kwano, a hankali a hankali, shi kuma bai san yana karkata ba. A ganinsa a miƙe yake. Na sauke igiyar daga kafaɗa na zura ta ƙarƙashin hammatarsa. Yana jin ta a jikinsa ya ƙame.

"Me kake yi?"

"Ɗaure ka zan yi."

"Auta, abin Baba na jikina."

"Na sani."

"Wallahi in ka ƙulla igiyar nan, ba ni ba kai har abada. Inna ma ta hana ka."

Ku saurara da kyau, don nan ne ake yi min ƙarya. Ana cewa na raina gurun ne don na zauna da 'yan kamfani. Ban raina shi ba. A gidan aka haife ni, da wannan imani aka shayar da ni, kuma a daidai lokacin wata zuciyar tana ce min in fa gaskiya ne, kai ne za ka kashe ɗan'uwanka da hannunka, ga kuma bakin uwa a kanka. Tsoro biyu ne suka haɗu min a ƙirji. Amma igiya na taɓa ganin ta cafe mutum a sama, ni ne ma mutumin. Guru kuwa ban taɓa ganin ya cafe kowa ba, na dai ga waɗanda ba su zame ba. Na ce a raina, ya Allah, gara ya rayu yana ƙina. Na zagayo da igiyar ta ƙirjinsa na yi mata ƙullin da ba ya zargewa.

Ya kawo min gwiwar hannu a baki. Giɓin nan da jikokina ke tsokanata da shi suna cewa ɓera ya sace min haƙori, to ga ɓeran. Jini ya cika min baki, ban saki ba, na naɗa ɗaya bakin igiyar a ƙashin bayan rufin na sake naɗawa. Shi kuwa ya saki katako da hannu biyu yana neman ƙullin ya kwance, ido a rufe. Iska ta biyu ta zo da ƙarfinta duka. Ban ga faɗuwarsa ba, sai dai na ga babu kowa a gabana. Igiyar ta miƙe ƙam, katakon ya yi wata ƙara da har gobe nake jin ta a mafarki, ta zare ta cikin hannuna ta kwashe fatar tafina kafin naɗin ya cije. Ni ma nauyin ya fizgo ni, ƙugiyata ce ta tsayar da ni. Na leƙa. Yana rataye a tsakiyar sito, yana juyawa, da ransa.

Na san in na yi ihu kasuwa za ta taso, na kuma san abin da hakan zai yi masa. Amma hannuna jini yake yi, ba zan iya sauke shi ni kaɗai ba tare da mai tara a ƙasa ba. Na buɗe murya.

"Mamman! Jama'a, a kawo agaji!"

Siton ba a sa masa ƙofa ba tukuna. Kafin ka ce kwabo ya cika, dillalan shanu, 'yan dako, direbobi, mata masu fura, kowa ya ɗaga kai. Abin da ya fi komai ciwo shi ne igiyar ta tattare masa riga har ƙirji, ga cikinsa a waje, ga gurun Baba ja jawur kowa na gani, abin da ko ni ban taɓa ganinsa da rana ba. Na riƙa sassauta naɗin kaɗan kaɗan, ina cije leɓe, har Mamman ya rungumo ƙafafunsa. Mafi yawan mutanen salati suke yi. Amma ba a rasa ɗan iska a taro ba, wani daga baya ya ɗaga murya ya ce:

"Ashe Kadangare ma ana goya shi!"

Aka yi dariya, ba da yawa ba, amma ya ji. Ya zauna a kan bulo har jirin ya sake shi, ya ja rigarsa ƙasa, ya kwance ƙullin da kansa. Sai ya ɗaga kai ya dube ni ta tsakanin katakai, ruwan sama ya fara sauka a fuskarsa. Na ɗauka zagina zai yi, da ya zage ni ma da na ji daɗi. Sai kawai ya miƙe tsaye. Ya ratsa mutane ya fita, ya bar takalmansa a gindin tsani, ya hau motar Gumel shi kaɗai.

Kafin in isa gida labari ya riga ni, kuma ya riga ya sauya kama. Na tarar da tsakar gida cike da mata, Inna a zaune a bakin ƙofarta. Ba ta dubi hannuwana da ke naɗe da tsumma ba.

"Na hana ka ko ban hana ka ba?"

"Kin hana ni, Inna."

"Tun yana yaro yake hawa. Ya taɓa faɗowa?"

"Bai taɓa ba."

"Sai yau da ka sa masa igiya. To me kake so in ce?"

Yaya Dije na tsaye a ƙofar madafi da goyo a bayanta, ludayi a hannu, ta zuba min ido. Kalma ɗaya ce za ta wanke ni, in ce jiri yake yi, ku tambayi matarsa. Tana kan harshena, har ɗacinta nake ji. Na dubi jaririyar da ke bayanta, ke ce Sadiya, kina barci baki buɗe. Na durƙusa na ce Inna ta yafe min. Ta juya min ƙeya. Ta yafe daga baya kafin ta rasu, Allah ya ji ƙanta, amma ta tafi tana ganin ni na karya abin ubanmu.

Za ku ce me ya hana in faɗi abin da ya gaya min da bakinsa a kan rufin, tunda wannan ba daga Dije ya fito ba. Na yi tunaninsa. Amma da na faɗa, tambayar farko da zai yi ita ce me ya sa na kwana biyu ina bin sa da igiya a kafaɗa, kuma ba shi da wuyar gano amsa. Ban da haka, mutumin da aka riga aka gani a rataye, abu ɗaya ya rage masa, ya ce ba ƙafarsa ce ta ci amanarsa ba, ƙaninsa ne. Na bar masa wannan. Da damina ta yi nisa ya yanke jiki ya faɗi a masallaci aka kai shi asibiti, suka ce hawan jini ne kuma ya daɗe da shi. Na ce to, yanzu gaskiya ta fito. Ina! Sai mutane suka ce kun gani, tun da aka karya gurun ciwo ya shige shi. Kai, mutane!

Bai sake hawa rufi ba. Ya kafa rumfa a bakin titi yana yin benci da ƙyauren ɗaki. Ya sa aka ja katanga ta raba gidanmu biyu, ita ce wadda kuka tashi kuna tsallakawa. In na yi masa sallama zai amsa, don addini ya wajabta, daga nan ko ina gajiya babu. Bikin 'ya'yana zai zo ya zauna ya yi addu'a ya tashi, bai taɓa sa hannu a kwanona ba. Da yamma ina jiyo shi ta bayan katanga yana wasa da jikoki, yana irin dariyar nan tasa mai ƙarewa da tari, ni kuma ina zaune kamar maraya. Na yi kuka a kan wannan ba sau ɗaya ba, ba na jin kunyar faɗa. A wurin aiki kuwa na zama mugu. Ba mai taka tsanina sai ya sa majanyi, na kuma ja ƙugiyar da hannuna na ji ta kama. Gwanaye da yawa sun bar ni saboda haka, suna cewa ba za a mai da su akuyoyi ba. Na ce Allah ya raka taki gona.

Yanzu ga dalilin da ya sa Yaya Dije ta kwance ni, kuma da kai nake, Sanusi, babban ɗan marigayi. Ta ce ka buɗe akwatin ubanka ka ɗauki gurun, ka kai an sake masa fata. Ta ce kana hawa benaye da tankunan ruwa kana kafa farantan sola daga Gumel har Gagarawa, kuma in abokan aikinka suka miƙo maka bel sai ka ce igiya ce ta jefo ubanka. Ba igiya ce ta jefo shi ba, ɗana. Jiri ne, kuma ya riga igiyar zuwa da daɗewa. Je ka tambayi uwarka, yanzu za ta gaya maka. Hawan jini kuma yana bin gida, ni ma ga ni nan ina shan ƙwayarsa kullum safe.

Ubanka ya rayu bayan ranar nan har ya aurar da Sadiya, ya ga 'ya'yanka, ya je Makka ya dawo. A duk tsawon wannan bai kira ni Auta ba ko sau ɗaya. Da ciwon ajali ya kwantar da shi na riƙa zuwa ina zama a bakin ƙofa, in na shiga sai ya juya fuska bango. Ya cika da hantsi ranar wata Talata. Ina zaure a cikin masu karɓar gaisuwa, a can gefe kamar baƙo, ana shawarar wanda zai shiga wankan gawa, sai aka ce Yaya Dije na kirana. Ta yi magana ta bayan labule, kowa na ji.

"Ya bar wasiyya. Ya ce kada kowa ya yi masa wanka sai ƙaninsa."

Na shiga, na naɗe hannun riga. Na wanke kan nan da ya yi furfura, na wanke ƙirjin da na taɓa zagaya wa igiya, na wanke ƙafafun da suka koya min tafiya a kan katako. Na juya shi dama, na juya shi hagu, ina bin sa gaɓa gaɓa da hannuna, ina kuka ina yi masa addu'a. Ban tarar da karaya ko ɗaya a jikinsa ba.

Sanusi, haka nake so mai yi maka wanka ya same ka, bayan ka tsufa.